SHARHI: TSEREN KAN TITI A LOKACIN BAZARA, BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Sanin kowa ne cewa a 'yan shekarun nan sha'awar shirya gasar tsere a kan titi, wadda aka fi sani da gudun yada ƙanin wani ko gudun famfalaki, tana ƙara yaɗuwa a sassan Nijeriya daban-daban. Abin da a da sai a manyan birane ake jin labarinsa, yanzu ƙungiyoyin matasa da makarantu da 'yan kasuwa, har ma da majalisun ƙananan hukumomi, kowa yana tunanin shirya nasa. Wannan kuwa abin farin ciki ne, domin gudu wasa ne da ba ya bukatar filin wasa, ba ya bukatar kaya masu tsada, kuma ɗan manomi da ɗan attajiri a layi ɗaya suke tsayawa su tashi tare.

Sai dai akwai wani al'amari da ya kamata jama'armu na karkara da shugabannin ƙananan hukumomi su dube shi da idon basira. Lokacin da ya fi dacewa da mutanen karkara ta fuskar samun sarari, wato bayan an kammala aikin kaka kuma kafin saukar damina, shi ne kuma lokacin da ya ƙunshi bazara, sa'ad da zafin rana ke kaiwa maƙura. Wanda duk ya tara ɗaruruwan matasa a kan kwalta a irin wannan lokaci ya ɗauki amanar rayuka. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa nasarar irin wannan gasa, da lafiyar waɗanda suka shiga cikinta, tun makonni kafin ranar tsere ake yanke su, a wajen mai gudu da kuma a wajen mai shiryawa.

DARASI DAGA WANI ƘAUYE A JIHAR EDO

Idan ana neman misali na ƙaramin gari da ya yi suna ta dalilin tseren kan titi, ba sai an tsallaka teku ba. Okpekpe gari ne na manoma da ke kan tsaunuka a ƙaramar hukumar Etsako ta Gabas a arewacin Jihar Edo, ba nisa sosai da Auchi. A shekarar 2013, a zamanin Gwamna Adams Oshiomhole, wani mai harkar tallata wasanni mai suna Mike Itemuagbor ya assasa gasar tseren kilomita 10 da ke ƙarewa a cikin garin, aka kuma tsayar mata da watan Mayu, lokacin da zafi da gumi ke haɗuwa a wannan yanki.

A shekarar 2015 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba gasar shaidar inganci mai darajar tagulla, inda ta zama tseren kan titi na farko a Afirka ta Yamma da ya sami irin wannan shaida. A shekarar 2023 kuma ta kai ga darajar zinare, kuma a wannan shekarar ce ɗan ƙasar Kenya Daniel Simiu Ebenyo ya kammala kilomita goman a cikin minti 28 da daƙiƙa 28, duk da hawan tsauni da ke kan hanyar. Daga 2013 zuwa 2019 ba a taɓa tsallake shekara ba. Annobar korona ce ta dakatar da gasar a 2020 da 2021, aka dawo da ita a 2022, sannan aka yi karo na goma a 2024.

Abin lura a nan shi ne, hukumar ta duniya ba ta ba da irin wannan shaida domin yawan manyan baƙi ko girman rumfar taro. Abubuwan da take dubawa su ne ko ƙwararru sun auna hanyar, ko an rufe ta daga ababen hawa, ko akwai ruwa da jami'an lafiya, ko ana ɗaukar lokacin kowane mai gudu daidai, ko kuma ana gwajin shan ƙwayoyin ƙara kuzari. Waɗannan duka ayyuka ne da ake kammalawa kafin a busa usur. Ba kowace ƙaramar hukuma ce za ta iya gayyato 'yan Kenya da Habasha ba, kuma ba a bukatar haka. Amma auna hanya da rufe ta da tanadin ruwa da ma'aikatan lafiya, babu ƙaramar hukumar da suka fi ƙarfinta.

ZAFI NE BABBAN ABOKIN KARAWA

Domin a fahimci dalilin da ya sa ake nanata maganar shiri, ya kamata a san abin da ke faruwa a jikin mai gudu. Jikin ɗan Adam tamkar inji yake, domin kashi uku cikin huɗu ko fiye na ƙarfin da tsoka ke ƙonawa zafi yake zama. Babbar hanyar da jiki ke fitar da wannan zafi ita ce gumi, kuma gumin ba ya sanyaya jiki sai ya bushe a kan fata. Mai gudu a cikin zafi yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu na gumi a cikin sa'a guda. A tsakiyar bazara, lokacin da iska take a bushe, gumin yana bushewa da sauri har mutum ba ya lura da yawan ruwan da ya rasa. Bayan an yi ruwan farko kuwa, iska takan cika da laima, gumin ya yi ta tsiyaya ba tare da ya bushe ba, jiki ya kasa hucewa. Kowanne daga cikin yanayin biyu da irin nasa haɗarin.

Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 har ƙwaƙwalwa ta fara ruɗewa, an shiga abin da ake kira bugun zafi, wanda ke iya lalata ƙoda da hanta, ya kuma yi kisa idan ba a gaggauta sanyaya mutum ba. Wani abin mamaki shi ne, gajeren tsere na kilomita 10 bai fi doguwar gasa ta kilomita 42 sauƙi ta wannan fuska ba, domin a gajeren tsere mutane sun fi sakin jiki su yi gudu da ƙarfi, kuma ƙarfin gudu shi ke hura wutar da ke cikin jiki.

Manyan gasanni na duniya ma sun sha ɗanɗana kuɗarsu a hannun zafi. A shekarar 2007 an dakatar da gudun famfalaki na birnin Shikago a Amurka ana tsakiyar yi, bayan zafi ya kai wajen digiri 31, mutane da dama suka faɗi. A gasar duniya ta 2019 a birnin Doha na ƙasar Katar, tsakar dare aka fara tseren mata domin a guje wa rana, amma duk da haka, daga cikin mata 68 da suka tashi, 28 ba su kai ƙarshe ba, alhali kuwa dukkansu ƙwararru ne da ƙasashensu suka zaɓo. Ganin haka ne aka ɗauke gudun famfalaki na wasannin Olamfik daga birnin Tokyo zuwa Sapporo da ke arewacin Japan, kuma a watan Agustan 2021 da aka zo yin sa, sai da aka matso da tseren mata zuwa ƙarfe shida na safe.

To, idan digiri 31 ya isa ya tsayar da gasa a Amurka, ina ga ƙasarmu, inda a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola? A watan Afrilun 2024 ma'aunin zafi ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, a cikin wani tsananin zafi da ya game yankin Sahel. Gaskiya ne jama'armu sun saba da rana, amma sabo da tafiya ko noma a rana daban yake da gudu ba tsayawa na tsawon sa'a guda. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

SHIRIN MAI GUDU

Akwai kuskuren da ya zama ruwan dare a tsakanin matasa, wato ɗaukar cewa wanda ke buga ƙwallo da yamma, ko mai dambe da kokawa, ko wanda ya iya riƙe garma tun safe har azahar, zai iya tashi kawai ya yi gudun kilomita 10. Ƙarfi daban, juriyar dogon gudu daban. Mai son shiga irin wannan tsere yana bukatar makonni takwas zuwa goma sha biyu na atisaye, kuma gwargwadon yadda bai saba ba, gwargwadon yadda zai bukaci lokaci.

A makonni biyu ko uku na farko, ya wadatar mutum ya fita sau uku a mako, kowace fita ta minti ashirin zuwa talatin, yana haɗa sassarfa da tafiya, misali ya yi sassarfa ta minti biyu, ya taka ta minti ɗaya, ya sake komawa. Ma'aunin da masu horarwa ke amfani da shi mai sauƙi ne: idan mutum yana gudu amma ba zai iya yi wa na kusa da shi magana ba tare da haki ba, to ya wuce kima, ya rage. Mafi yawan atisaye a irin wannan sassaucin ake yin sa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba.

Daga mako na huɗu sai a ƙara rana ɗaya, a kuma keɓe fita guda a kowane mako ta zama doguwa, ana ƙara mata kaɗan-kaɗan har ta kai kilomita takwas ko goma. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada abin da aka ƙara a mako ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata, domin zuciya da huhu sun fi gwiwa da agara saurin sabawa, kuma mafi yawan raunin da sababbin masu gudu ke samu daga gaggawa yake fitowa. Idan hanyar gasar tana da tudu, a nemi tudu a riƙa hawa sau ɗaya a mako. Ranakun hutu kuma wani ɓangare ne na horon, domin a lokacin hutu da barci ne jiki ke gyara kansa. A makon ƙarshe a rage atisaye zuwa kusan rabi, a shiga gasar da jiki a huce.

Bugu da ƙari, jiki yana koyon jure zafi, amma yana bukatar kwana goma zuwa goma sha huɗu ana motsa shi a cikin irin yanayin da za a yi gasar. A cikin waɗannan kwanaki mutum kan fara gumi da wuri, gishirin da ke fita a gumin ya ragu, bugun zuciya kuma ya daidaita. Saboda haka wanda zai yi tsere da ƙarfe shida da rabi na safe ya riƙa yin wasu daga cikin atisayensa a daidai wannan lokaci. Ba a ce ya fita da tsakar rana don ya nuna jarumtaka ba. Wanda kuma ya zo daga wuri mai sanyi, kamar Jos ko Mambila, ya san cewa bai saba da zafin gangare ba ko da ya fi kowa numfashi.

Game da abinci, babu bukatar wani abu na musamman da ba a samu a gida. Tuwo da shinkafa da dankali da doya suna ba da ƙarfi, wake da gyaɗa da ƙwai da fura da nono suna gina jiki. Ruwa kuwa a riƙa sha a tsawon yini, kuma launin fitsari shaida ne: idan ya yi duhu, jiki na neman ruwa. Bayan doguwar fita da gumi mai yawa, ruwan gishiri da sukari da iyayenmu mata suka sani yana da amfani, wato lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Takalmi kuma ba sai mai tsada ba, kambas da ya yi wa ƙafa daidai ya isa, muddin an saba gudu da shi. Silifas da takalmin ƙwallo mai ƙusoshi ba su dace da kwalta ba.

WAƊANDA YA KAMATA SU DAKATA

Ba kowa ne ya kamata ya tsaya a layin tashi ba, kuma faɗin haka ba rena kowa ba ne. Duk wanda ya yi zazzaɓi, ko gudawa, ko amai a cikin 'yan kwanakin da suka gabaci gasar, ya haƙura sai wata shekara, domin jikin da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ya riga ya yi zafi kuma ya rasa ruwa. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai asma, da wanda ya taɓa jin ciwon ƙirji ko ya taɓa suma a wajen motsa jiki, da wanda ya haura shekara arba'in bai saba gudu ba, duk su fara ganin ma'aikacin lafiya tun kafin su soma atisaye.

Har ila yau akwai batun amosanin jini, wato sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin ƙwayar wannan larura, wato rukunin AS. Masu wannan rukuni suna rayuwa lafiya kuma suna iya yin wasanni, amma matsanancin gudu a cikin zafi tare da ƙarancin ruwa yana iya jefa su cikin haɗari. Sanin rukunin jini kafin gasa yana taimaka wa mutum ya san iyakarsa, ya kuma tsaya da zarar ya ji ƙafafunsa sun mutu ba gaira ba dalili.

Wajibi ne kuma a ja kunnen matasa game da ƙwayoyi. Wasu suna ɗaukar cewa Tramadol da makamantanta suna ƙara ƙarfi, alhali abin da suke yi shi ne toshe kunnen mutum daga gargaɗin da jikinsa ke yi masa, ya ci gaba da gudu a lokacin da ya kamata ya tsaya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta Tramadol a lokacin gasa tun daga watan Janairun 2024. Magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac ma ba a so a sha su kafin dogon gudu, domin suna iya cutar da ƙoda idan jiki ya bushe.

RANAR TSERE

A ranar gasar, mai gudu ya ci abinci mara nauyi da ya saba da shi, kamar kunu ko koko da burodi, sa'a biyu zuwa uku kafin tashi. Kada ya gwada sabon abinci ko sabon takalmi a ranar. Ya sa tufafi marasa nauyi masu haske da iska ke ratsawa. Jarrabawa mafi girma tana cikin kilomita biyu na farko, lokacin da kiɗa da shewar 'yan kallo ke ɗibar mutum ya zura da gudu kamar an biyo shi. Mafi yawan waɗanda ake gani zaune a bakin hanya a kilomita na biyar su ne waɗanda suka fi kowa gaba a kilomita na farko. Mai hankali yana fara rabin farko a natse, ya ajiye ƙarfinsa ga rabin ƙarshe.

A wuraren ba da ruwa a kurɓa daidai ƙishi, a zuba saura a ka da wuya. Ɗurawa ciki ruwa fiye da kima shi ma yana da nasa haɗarin, domin yana tsinka gishirin da ke cikin jini. Wanda ya ji jiri, ko sanyi da tsigar jiki a tsakiyar zafi, ko ya ga ƙafafunsa suna harɗewa, ya tsaya ya nemi inuwa da taimako. Babu kyautar da ta kai rai, kuma tsayawa a irin wannan hali ba abin kunya ba ne.

NAUYIN DA KE KAN ƘARAMAR HUKUMA

Duk shirin da mai gudu zai yi ba zai wadatar ba idan masu shirya gasar suka yi sakaci. Abu na farko shi ne zaɓen rana, kuma a sanar da ita aƙalla watanni uku kafin lokaci, domin a ba matasa damar yin makonnin atisayen da aka ambata. Gasar da aka yi shelarta saura kwana biyar gayyata ce ga mutanen da ba su shirya ba. A duba kalandar Musulunci, kasancewar azumin Ramadan yana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, kuma a 2024 da 2025 a cikin watan Maris ya kama. A kauce wa ranar kasuwa da lokutan ibada na Juma'a da Lahadi. Inda hali ya yi, watannin Nuwamba zuwa Fabrairu sun fi sauƙin zafi, ko da yake ƙurar hunturu tana takura wa masu asma. Jihar Kaduna a watan Nuwamba ta yi gasarta ta kilomita 21 a shekarar 2020, gudun famfalaki na Legas kuma, wanda aka fara a 2016, an saba yin sa a watan Fabrairu.

Idan kuwa ya zama dole a yi a bazara, to a tashi da zarar gari ya waye, a kuma kammala kafin rana ta ɗaga. A nan ne ake samun matsalar da ta fi kowace yawa a tarukanmu, wato jiran babban baƙo. Ba daidai ba ne a tsayar da masu gudu tun ƙarfe shida har zuwa tara domin wanda zai ɗaga tuta bai iso ba. Jawabai da gaisuwar manyan baƙi a bar su sai wajen raba kyaututtuka, a cikin inuwa. A kuma riƙa bin hasashen hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda kan fitar da gargaɗi idan ana sa ran tsananin zafi, sannan tun farko a ba jami'in lafiya na gasar ikon rage tsawon hanya ko ɗage gasar ba tare da wani ya tsawata masa ba.

Abu na biyu shi ne hanya. Ƙwararru da keke mai ɗauke da na'urar ƙidaya suke auna hanyar tsere, ba da mitar mota ba, kuma ƙungiyar wasannin guje-guje ta jiha ita ce ƙofar da za a bi a nemi shawara. Amfanin aunawa shi ne lokacin da yaro ya yi ya zama abin da za a iya nuna wa masu horarwa a ko'ina. A zaɓi hanya mai inuwar itatuwa idan akwai, a cike ramuka, a sa alama a kowane kilomita. A zauna da 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da Sibil Difens da 'yan banga da shugabannin direbobi da na 'yan acaɓa, a amince da sa'o'in da za a rufe hanya. Babura masu bin masu gudu suna tayar da ƙura suna busa ƙaho haɗari ne babba. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne za su isar da saƙo ga ƙauyukan da ke bakin hanya, har da makiyaya masu tsallakawa da dabbobi.

Abu na uku shi ne ruwa. Ƙa'idar duniya ta ce a tanadi ruwa a kimanin kowane kilomita biyar, a kuma ƙara yawan wuraren idan yanayi ya bukaci haka. A bazararmu, kowane kilomita biyu da rabi ya fi dacewa. Lissafin ba shi da wuya. Idan mutum 500 suka yi rajista, aka kafa wurare uku a kan hanya da ɗaya a ƙarshe, kowa ya ɗauki ledar ruwa ɗaya a kowane wuri, ana bukatar leda 2,000, wato jaka 100 mai ɗauke da ashirin-ashirin. Sai a ninka wannan adadi saboda zubawa a jiki da kuma na baya, waɗanda su ne suka fi daɗewa a rana kuma su ne sukan tarar ruwa ya ƙare.

Abu na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne agajin gaggawa. A garin Falmouth da ke bakin teku a Amurka ana yin wani tsere na kimanin kilomita 11 a watan Agusta tun daga 1973, kuma ya yi suna wajen yawan masu kamuwa da bugun zafi. Wani nazari da aka wallafa a 2015 ya duba mutum 274 da suka kamu a cikin shekaru 18, ya tarar babu ko ɗaya da ya rasu. Dalili kuwa shi ne manyan bahunan ruwan ƙanƙara da ake ajiyewa a ƙarshen hanya, a tsoma mutum nan take. Ƙa'idar ita ce a fara sanyayawa sannan a ɗauka zuwa asibiti, kuma a sauko da zafin jikin a cikin minti talatin na farko.

Wannan darasi ne da ya dace da karkara ƙwarai, inda babban asibiti kan yi nisa. Babban baho ko rabin tanki, da ruwa, da ƙanƙarar da aka sayo tun daren jiya aka rufe da buhu, sun isa su ceci rai. Inda babu baho, a kwantar da mutum a kan tamfol, mutane su ɗaga gefunansa, a zuba ruwa da ƙanƙara, wani ya tallafe kansa. Alamomin da za a lura da su sun haɗa da tangaɗi, da surutai marasa kan gado, da faɗa ba dalili, da faɗuwa, kuma mutum na iya kasancewa yana gumi sharkaf duk da haka. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, kada kuma a dogara da Paracetamol, domin ba ya sauke irin wannan zafi. A girke ma'aikatan lafiya da 'yan agaji a kan hanya da ƙarshenta, mota ɗaya ta biyo bayan mai gudu na ƙarshe, a kuma sanar da asibiti mafi kusa tun kafin ranar.

KUƊI DA ƊOREWA

Sau da yawa kasafin irin wannan gasa yakan ƙare a kan rumfuna da riguna da makaɗa, a bar wa ruwa da magani abin da ya rage. Kamata ya yi a juya lissafin. Haka nan girman kyauta ba shi ke sa gasa ta ɗore ba. Tseren hawan dutse na Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda aka fara a 2005 a zamanin Gwamna Donald Duke, ya kasance yana ba wanda ya zo na ɗaya dala 50,000, amma bayan wasu shekaru sai aka daina jin ɗuriyarsa a kai a kai. Gasar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya ko gwamnati ɗaya takan tafi tare da su. Ƙaramar kyauta da aka biya a gaban jama'a a ranar, tare da kwamiti na dindindin da ya haɗa da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da masu sarauta da 'yan kasuwar gari, ta fi alkawarin miliyoyi da za a yi ta bin sawu.

A kuma raba rukuni-rukuni, a yi na manya, da na mata cikin sutura da tsarin da ya dace da al'adar wurin, da ɗan gajeren zango na kilomita biyu ko uku ga 'yan makaranta. A rubuta suna da shekaru da lokacin kowa a ajiye. Arewacin ƙasar nan ba baƙo ba ne a wannan fage. Abbas Mohammed ya wakilci Nijeriya a gudun famfalaki na wasannin Olamfik a birnin Seoul a 1988, kuma a 1990 ya kafa tarihin ƙasa na sa'a 2 da minti 16 da daƙiƙa 6, wanda ya shafe shekaru fiye da talatin ba a karya ba. Matasan Jihar Filato, musamman na yankin Pankshin, sun daɗe suna kan gaba a tsakanin 'yan Nijeriya a gasannin dogon zango. Babu mamaki akwai irinsu a ƙauyukanmu suna kiwo ko suna tafiyar kilomitoci zuwa makaranta, ba wanda ya taɓa riƙe musu agogo.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da sakatarorin wasanni da cewa duk wanda ke da niyyar shirya tsere ya fara da tambayoyi huɗu: wace rana da wane lokaci, wa ya auna hanya kuma wa zai rufe ta, ina ruwa, ina kuma ƙanƙara da ma'aikatan lafiya. Idan ba a sami amsar ɗaya daga ciki ba, a ɗage har sai an samu, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi. Iyaye kuma su tabbatar 'ya'yansu sun yi atisaye kuma suna cikin ƙoshin lafiya kafin su ba su izini. Matasa su ma su fara shiri tun yau, kada su jira sai sun ji shela. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.